Kwana Ɗaya A Daura, Ba Biki Ba Ta'aziyya

A yawancin gidajenmu, idan aka ga mota ta tsaya a ƙofar gida ana ɗura mata da yara da ƙullin kaya, ba sai an tambaya ba: ko dai biki za a je, ko suna, ko kuwa an yi rashi. Bahaushe matafiyi ne tun asali. Fatake sun kai Gwanja neman goro, almajirai sun yi gabas neman karatu, alhazai sun taka da ƙafa har Makka. Amma kowace tafiya da ya sani tana da dalilin da zai iya faɗa wa maƙwabci. A ce iyali sun tashi sun tafi wani gari don kawai su gan shi, su kwana su dawo, wannan a wurin manyanmu da yawa aikin Turawa ne, ko na wanda kuɗi suka yi wa yawa.

Mu ma haka gidanmu yake a Kano. Da muka zauna muka ƙirga, mu yaran gidan, na jami'a da na sakandare, sai muka ga tafiya uku na ƙarshe da muka yi gaba ɗayanmu duk na ta'aziyya ne. Ku da kuka taɓa yin irin wannan tafiya kun san ba a ganin komai a cikinta. Ana isa a zauna a tabarma, a yi addu'a, a ci tuwon da aka kawo ba tare da an ji ɗanɗanonsa ba, a juyo. Garin da aka je ɗin, in an tambaye ka kamanninsa, ƙofar gida ɗaya kawai za ka iya kwatantawa.

Shi ya sa muka buɗe asusu tun farkon zangon karatu. Kowa yana jefa abin da ya rage masa na kuɗin mota ko na tara, mai ɗinki a cikinmu tana jefa na ɗinki, mai gyaran waya yana jefa na gyara. Tara kuɗin bai ba mu wahala kamar tunkarar Baba ba.

"Me aka yi a Daurar?" ya tambaya.

"Ba a yi komai ba, Baba."

"To me za ku je yi?"

Muka shiga kame-kame, wannan ya ce tarihi, waccan ta ce ai yana cikin darasin Hausa. Baba ya ce tarihin ba ya cikin littafi ne? Hajiya Kaka ce ta raba gardamar daga kan dardumarta. Ita mutuniyar ƙasar Daura ce, aure ya kawo ta Kano, kuma ƙanwarta ɗaya tilo da ta rage tana can. Ta ce da Baba, "Kai dai ka kai ni in ga 'yar'uwata da raina da nata. Ko sai an aiko maka sannan za ka nemi mota?" Baba bai ƙara cewa uffan ba.

Daren Juma'a muna haɗa kaya, autanmu ɗan shekara bakwai ya shigo ya ga jakunkuna a jere a tsakar gida. Ya tsaya ya dube su, ya dubi Umma, ya ce a hankali, "Umma, wa ya rasu?" Wasu suka yi dariya. Umma ba ta yi ba.

Ga wanda yake son gwada irin wannan, akwai abin da ya kamata ya sani tun kafin ranar. A Kano kada ka sa tafiyarka ranar Asabar ɗin ƙarshen wata, domin ranar tsaftar muhalli ce, ba a zirga-zirga da safe sai ka fita tun da asuba. Baba da kansa ya je tasha ya tambayi direbobin da ke bin hanyar kullum halin da take ciki, kuma ya kafa doka ɗaya da ba ta da ɗaukaka ƙara: babu tafiyar dare, zuwa ko dawowa. Muka ɗauki shatar mota ƙirar Sharon, muka cika ta mu tara har da Kaka. Guzuri kuwa daga gida: dambu, kwaɗon zogale, soyayyar kaza da zoɓo a jarka. Abincin hanya shi ke cinye kuɗin tafiya ba mai ba, in kuna da yawa.

Daga Kano zuwa Daura bai kai kilomita 150 ba, amma jiha uku ake takawa. A shataletalen Dawanau, kusa da babbar kasuwar hatsin nan, hanya ta rabu biyu. Ta Katsina ta miƙe ta Bichi, tamu ta karkata ta Ɗambatta. Daga nan sai Kazaure, wadda take cikin Jigawa tun da aka ƙirƙiri jihar a 1991, sannan a shiga Jihar Katsina, wadda ita kuma aka ƙirƙira a 1987. Lokacin hunturu ne, an gama kaka. Gonaki sun zama fili, sai karan dawa a tsaye bukka-bukka, da shanun Fulani suna kiwo a cikin sauran abin da aka bari.

Baba da muka sani a gida ba mai yawan magana ba ne. Ya dawo daga aiki, ya yi sallah, ya kunna rediyo. Amma muna wuce Ɗambatta sai ya fara nuna mana itatuwa ta taga yana kiran sunansu kamar mai kiran rajista: ga ɗorawa, ga kuka, ga marke, ga goruba. Ya ce mu lura da wata bishiya da take kore shar alhali duk na kusa da ita sun fara zubar da ganye. Gawo ke nan. Shi da damina yake kaɗe ganyensa, da rani kuma ya yi sabo, don haka ba ya tare wa gero rana a lokacin da yake bukatarta, ganyen da ya zubar ya zama taki, 'ya'yansa kuma abincin awaki ne da tumaki. Shi ya sa manomi na gari ba ya sare gawo a gonarsa. Mai karatun aikin gona a cikinmu ya ce an koya musu wannan da wani dogon sunan Latin, kuma ya rubuta shi a jarrabawa, amma da an ce ya nuna bishiyar a daji ba zai iya ba. Mu dai ranar muka san Baba ya yi kiwon awaki yana yaro.

A Kazaure muka tsaya shan iska a gefen dam. Gari ne mai duwatsu, ya sha bamban da shimfiɗaɗɗiyar ƙasar da muka baro. Ɗantunku ne ya kafa masarautar bayan jihadi, bayan doguwar takaddama da Sarkin Kano Ibrahim Dabo. A wasu wurare kuma ana hango aikin layin dogo da aka ƙaddamar a 2021, wanda aka tsara zai tashi daga Kano ya bi ta Kazaure da Daura da Katsina har Maraɗi. In ya kammala, ƙila ku masu karanta wannan a jirgin ƙasa za ku yi taku tafiyar.

Mun shiga Daura kafin azahar. Ba mu san yadda za mu kwatanta muku haɗuwar tsofaffin nan biyu ba. Ba su rungumi juna ba, ba su yi kuka ba. Kakar Daura ta fito tana dogara sanda, ta ƙura wa yayarta ido, ta ce, "Yaya, lafiya dai ko?" Kaka ta ce, "Lafiya lau. Zuwa na yi." Sai da aka maimaita mata sau uku kafin ta yarda babu wani labari a bayan zuwan. Daga nan ta zauna, ta riƙe hannun Kaka, ta shiga faɗa da jikokinta a kan su yi maza su kama zakara.

Bayan la'asar muka tafi rijiyar Kusugu. Wanda yake tsammanin zai ga wani ƙaton rami mai ban tsoro a dokar daji zai sha mamaki. Tana tsakiyar gari, gidaje sun kewaye ta, an yi mata gini da rufi. Kana iya wuce wurin a babur ba ka san ka wuce ba. Mai kula da ita ya zura guga ya jawo, muka sha ɗaya bayan ɗaya. Ruwa ne mai sanyi, kamar na kowace rijiya mai kyau. Ya ce tun da yake bai taɓa jin an ce ta ƙafe ba.

Labarin kun san shi, ko aƙalla kun haddace shi don jarrabawa. Bayajidda ya taso daga Bagadaza, ya zauna a Barno ya auri 'yar sarki, ya gudu da ita da ya ga ana neman ransa, ya bar ta a Garun Gabas ta ƙasar Haɗeja inda ta haifi Biram. Ya biya ta Gaya maƙera suka ƙera masa makami. Ya iso Daura da dare, ya sauka a gidan wata tsohuwa mai suna Ayana, ya nemi ruwa, ta ce ba a samun ruwa a garin nan sai ranar Juma'a, saboda wani maciji da ake kira Sarki ya tare rijiya. Ya karɓi guga ya tafi, ya sare kan macijin, ya ɓoye. Da gari ya waye Magajiya Daurama ta yi alkawarin rabin gari ga wanda ya yi wannan aiki, maƙaryata suka yi ta fitowa, har baƙon nan ya fito da kan. Ya ce ba ya son rabin gari, aurenta yake so. Ɗansu Bawo ya haifi 'ya'ya shida da suka yi sarautar Daura da Kano da Katsina da Zazzau da Gobir da Rano. In aka haɗa da Biram, Hausa Bakwai ke nan.

A aji, labarin jerin sunaye ne da ake tsoron mantawa. A bakin rijiyar kuwa abu na farko da ya zo mana shi ne ƙishirwa. Autanmu ne ma ya fara tambaya: "To ran Asabar da Lahadi me suke sha?" Kaka ta ce ai shi ne labarin gaba ɗaya. Ta ce ku yaran famfo da ruwan leda ba za ku gane ba, amma ita ta yi zamanin da mace za ta tashi kafin kiran assalatu ta bi layin rijiya da tulu, in ta makara ta samu laka. Garin da yake shan ruwa rana ɗaya a mako, duk wanda ya buɗe masa sauran kwana shidan, in ya ce a ba shi sarauniya ba a ga ya yi tsada ba.

Sai ƙanwarmu da ke aji biyu na babbar sakandare ta jefa tata. Ta ce ita abin da bai shige ta ba shi ne a ce daga Bayajidda Hausawa suka fito. Mutumin nan ya zo ya tarar da gari da ganuwa, da sarauniya, da Galadima da Kaura da aka aika su duba gawar maciji, da tsohuwa mai gida da guga, da maƙera a Gaya. Har sunansa ma ana cewa daga "ba ya ji da" ne, wato da can ba ya jin yaren mutanen. To yaren su wa ke nan? Mai kula da rijiyar ya yi murmushi, da alama ba yau ya fara jin irin wannan ba. Ya ce ai kafin Daurama ma an yi jerin sarauniyoyi mata tun daga Kufuru, kuma a Tsohon Birni suke kafin a dawo nan.

Tambayar ƙanwarmu ba ta yarinta ba ce. Masana tarihi irin su Farfesa Abdullahi Smith, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, sun daɗe da nuna cewa labarin bai isa ya zama bayanin asalin Hausawa ba. In ma yana nuna wani abu, to sauyin sarauta yake nunawa a cikin al'ummar da take nan tun da daɗewa. A Kano ma haka ne: Bagauda, wanda ake lissafa sarautarsa daga shekarar 999, ya tarar da jama'ar Barbushe a gindin Dala. Mu a ganinmu wannan bai rage wa Kusugu daraja ba. Sai dai in an zo jarrabawa, ku rubuta labarin yadda malaminku ya koyar, gardamar ku ajiye ta sai kun zo jami'a, akwai inda ake ba da maki a kanta.

Daga rijiyar muka taka zuwa ƙofar fada, wadda ake kira Kangiwa. Ba mu shiga ciki ba, don ba mu nemi izini tun da wuri ba, kuma kafin mu ɗaga waya sai da Baba ya gaida dogarai ya tambaya ko an yarda a ɗauki hoto. Wannan ladabi ne da ya kamata a riƙe a kowace fada. A nan wani dattijo da ke zaune a inuwa ya ba mu guntun tarihin da ba kasafai ake kawo shi a aji ba. Lokacin jihadi, Malam Isiyaku ya karɓi Daura, sarkin Hausa na lokacin, Sarkin Gwari Abdu, ya fice, zuri'arsa suka riƙe sarauta a Zango da Baure. Shekara kusan ɗari bayan haka, a 1906, Turawa suka dawo da Malam Musa daga Zango suka naɗa shi Sarkin Daura. Shi ya sa Daura take cikin 'yan tsirarun masarautun da gidan Haɓe yake mulki har yau. Sarki Muhammadu Bashar ya yi sarauta daga 1966 zuwa 2007, Alhaji Umar Faruk Umar ya gaje shi. Dattijon ya ce in muna son ganin Daura a cikin adonta mu dawo da Sallar Gani a watan Mauludi.

Da daddare aka shimfiɗa tabarmi a tsakar gida, aka hura wuta a kasko saboda sanyi. Babu wutar lantarki, wayoyinmu duk cajinsu ya ƙare a ɗaukar hoto, don haka babu wanda ya sunkuyar da kai. Tsofaffin biyu suka shiga tono. Wace ce ta fasa tulun mahaifiyarsu ta ɗora wa akuya, wane saurayi ne ya zo zance da jakin aro jakin ya tsinke ya koma gidan mai shi. Muka ji cewa Hajiya Kaka, wadda muka sani da carbi da faɗa a kan ɗankwali, ita ce zabiyar 'yan matan unguwarsu a dandali. Kakar Daura ta fara lissafa mana dangi, wane ya haifi wane, wane yana Damagaram, wance tana Zango. Yayarmu ta ciro littafin lakca ta juya bayansa tana rubutawa da fitilar hannu, shafi uku. A zaman makoki ba a yin wannan hira, a biki kuma hayaniya ba ta bari. Mun lura Baba ya zauna daga gefe yana saurare, ya kuma gyara wa Yaya suna biyu da ta rubuta ba daidai ba.

Ranar Lahadi ita ce ranar kasuwar Mai'aduwa, tafiya kaɗan daga Daura ta hanyar Kwangwalam, bakin iyakar Nijeriya da Nijar. Mun bar tsofaffin suna hirarsu muka tafi da safe. Wanda bai taɓa shiga kara irin wannan ba, ya riƙe hannun ƙaninsa da kyau. Ƙura, kukan shanu, tireloli ana loda musu dabbobi zuwa kudu. Ga fararen shanu bunaji, ga jajaye rahaji masu dogayen ƙahoni, ga tumaki uda da rabin jikinsu baƙi ko ja rabi fari kamar an auna da igiya, ga balami manya. Raƙuma suna gurfane suna tuƙa, ko kallo ba mu ishe su ba. Autanmu ya ɓuya a bayan Baba da wani amale ya miƙe tsaye, don shi a talabijin ya san raƙumi, kuma a can bai kai haka tsawo ba.

Abin da ya fi jan hankalinmu shi ne ciniki. Mai saye da mai sayarwa ba su cika yi wa juna magana kai tsaye ba, dillali ne a tsakani, yana zuwa nan yana komawa can, yana rantsuwa yana lallashi har a ce "sallama", shi kuma ya ci la'adarsa. Gefe guda ga 'yan canji da damin naira da sefa. Mutumin da ya koro shanu daga Nijar da wanda ya zo saye daga Kano Hausa ɗaya suke yi, sai ɗan bambancin karin harshe, da kalmomin Faransanci da ke faɗowa a bakin wancan inda namu yake sa na Ingilishi. Duk abin da malamin tattalin arziki yake zanawa a allo game da kasuwanci tsakanin ƙasashe da canjin kuɗi, ga shi nan a tsaye yana wari. Ba mu sayi ko ɗan akuya ba. Mun sha fura da nono, mun sayi goruba da aduwa na tsaraba.

Da muka koma ɗaukar Kaka, sallamar ta fi isowar nauyi. Kakar Daura ta rako mu har bakin mota da sandarta, ta cusa wa Umma ƙullin kuka da daddawa, ta ce da Baba, "Allah Ya yi maka albarka, ɗan nan." Baba ya durƙusa ya ce amin. Su biyun suka yafi juna, kamar yadda tsofaffi suke yi in za su rabu, aka rufe ƙofa. Har muka wuce Kazaure Kaka ba ta ce komai ba.

Taya ta yi faci kusa da Ɗambatta, muka ɓata kusan rabin awa a wurin mai faci, amma duk da haka mun shigo Dawanau rana ba ta faɗi ba, dokar Baba ba ta karye ba. A cikin cunkoson shiga gari aka fara gardamar inda za a nufa in an sake fasa asusu. Wasu suka ce Birnin Kudu, a ga zanen mutanen da a jikin duwatsu. Wasu suka ce Katsina, a hau hasumiyar Gobarau. Ƙanwarmu ta ce Gaya, tana da sauran tambayoyi ga maƙera. Baba, wanda muke zaton barci yake yi a kujerar gaba, ya ce ba tare da ya waiwayo ba, Rano ta fi kusa, kuma akwai wani abokinsa na makarantar allo a can da rabonsa da shi tun kafin a haifi Yaya.